Tsaga a Ginshiƙi na Uku

A layin da ke bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani ɗan shagon ɗaukar hoto, tsakanin mai gyaran agogo da wata mata mai sayar da takardu da biro. Mai shagon dattijo ne siriri, ɗan ranƙwafaffe, wanda ba a taɓa jiyo muryarsa daga waje ba. Duk layin Kar-ka-motsa suke kiransa, don maganar da ta fi fita daga bakinsa ke nan cikin shekara talatin da ya yi yana ɗaukar hoton fasfo. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa in ta so tsokana, da shi take kiransa idan ta ajiye masa abinci.

Mutum ne mai tsoro, bai kuma taɓa ɓoyewa ba. Ba ya tsallaka titi sai ya ga babu mota ko daga nesa. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, in hadari ya haɗu shi ne farkon mai rufe shago. Amma abin da ya fi kaɗa masa hanta shi ne mutumin da ke zaune a bayan babban tebur. Da zarar ya tsaya gaban irin wannan, sai harshensa ya yi nauyi, ya riƙa murza hularsa a hannu. Lokacin da 'ya'yansa uku ke makaranta, duk ranar da aka kira iyaye matarsa ce ke magana, shi yana gefe yana gyaɗa kai. Takan ce, "Ni dai Allah ya haɗa ni da mutumin da ko kujera ya yi tuntuɓe da ita sai ya ba ta haƙuri."

Aikin hoto ya koya ne a hannun tsohon da ya fara buɗe shagon, kuma yadda ya same shi haka ya riƙe shi: farin ƙyalle a bango, kujera mara jingina, fitila ɗaya mai kashe ido. Mutum ya zauna, a haska shi, ya tashi. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin wani abu da ya wuce sana'ar cin abinci ba, har shekarar da aka rushe tsohuwar tasha aka gina sabuwa.

Mutanen gari sun sa wa sabon ginin suna Fiffike. Rufinsa na kankare ne, amma ya tashi ya lanƙwasa kamar tsuntsu ya buɗe fiffike ɗaya zai tashi, kuma duk girman nan ginshiƙai bakwai ne sirara ke riƙe da shi. A jikin rufin an bar dogayen tsagogi an rufe su da gilashi. Ranar da Kar-ka-motsa ya fara shiga, da misalin goma na safe, sai ya tarar hasken rana ya zubo ta waɗannan tsagogin a karkace, layi-layi, yana sauka a kan mutane. Wani ɗan dako ya ratsa cikin layi ɗaya, rabin fuskarsa a haske, rabi a inuwa, sai ga shi ya fito kamar wani babban mutum. Dattijon ya tsaya baki buɗe har mai shara ta ce masa, "Malam, matsa min, ko jirgin ne ya bar ka?"

Daga ranar bai sake zama yadda yake ba. Kowace Litinin da ƙarfe goma yakan rufe shago na rabin awa, ya saɓa kyamara da sandarta mai ƙafa uku, ya shiga tasha. Wuri ɗaya yake tsayawa, kusa da ƙofa ta biyu. Ya haddace mahaɗar tayil uku da yake ɗora ƙafafun sandar a kai, don kada hoton wannan mako ya bambanta da na wancan ko da kaɗan. Abin da yake so ya gani shi ne yadda hasken ke sauya wuri daga wata zuwa wata, gini yana nan yadda yake. A tsakiyar kowane hoto akwai ginshiƙi na uku, da babban agogon da ke rataye daga rufi a gefensa, da doguwar taga can a baya.

Abin ya shiga har cikin aikinsa na shago. Ya cire katakon da ya toshe saman tagarsa, ya kashe fitilar nan mai kashe ido, ya juya kujera yadda haske zai sauko wa mutum daga sama ta gefe guda. Mutane suka fara karɓar hotonsu suna daɗewa suna kallo. Wata tsohuwa ta ce masa tunda take ba ta taɓa ganin hoton da ya yi kama da ita ba sai wannan. Bangon shagon kuwa ya cika da hotunan Fiffike. Wata rana wata mata mai furfura da tabarau ta shigo ɗaukar hoto, ta manta da abin da ya kawo ta, ta tsaya tana bin bangon da kallo. Daga baya ta faɗa masa ita injiniya ce, ita ta yi lissafin ƙarfen da ke cikin wannan rufin, yanzu kuma tana koyarwa a wata kwaleji a ƙarshen gari. Ya ba ta hoto ɗaya kyauta. Ta bar masa katinta, ya soke shi a bayan wani firam.

A shekara ta uku da buɗe sabuwar tashar, ƙaramar 'yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta samu aiki a tashar. Ita ce mai sanarwa. Tana zama a wani ɗan ɗaki na gilashi a gindin ginshiƙi na uku, tana faɗin jirgin da ya iso da wanda zai tashi, muryarta na fita ta lasifika har layin baya. Uban yakan tsaya da aiki ya ɗaga yatsa ya ce wa wanda ke kan kujera, "Ka ji? 'Yata ce."

Wata Laraba da rana, babu kowa a shago, ya zazzago hotunan duka a kan tebur yana jera su bi da bi, sama da ɗari biyu. Ya ɗauki na farko ya ajiye kusa da na ƙarshe, don kawai ya ji daɗi. Sai idonsa ya tsaya a wuri ɗaya.

A hoton farko, tsakanin ƙasan agogo da saman tagar baya akwai ɗan fili, faɗin ƙwayar shinkafa a takarda. A hoton ƙarshe babu filin. Agogon ya taɓa tagar.

Ya ce a ransa sandar ce ta goce. Ya ɗauko rula ya auna ƙofa, ya auna taga, ya auna sauran ginshiƙan. Komai daidai yake a hotunan biyu, agogon ne kaɗai ya sauko. To agogo a jikin rufi yake rataye da sandar ƙarfe, ba ya saukowa shi kaɗai. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana kallon filin nan yana tsukewa. Shekara biyu na farko bai motsa ba. Daga nan ya fara, a hankali, sannan cikin wata huɗun ƙarshe ya ci abin da bai ci ba a shekara guda. Ya jawo gilashin da yake duba ƙananan abubuwa da shi ya ɗora a kan ginshiƙin, daidai inda ya haɗu da rufi. Ga wani layi siriri kamar gashi, wanda babu shi a hotunan bara.

A daidai lokacin muryar Auta ta taso daga lasifika, tana sanar da jirgin ƙarfe uku. Gabansa ya yanke ya faɗi. Gumi ya karyo masa, yatsunsa suka yi sanyi kamar ya tsoma su a ƙanƙara. Ya ƙura wa hoton ido har sanarwar ta ƙare.

Da ya koma gida da yamma bai iya haɗiyar komai ba. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, wa ya mutu?" Ya shimfiɗa hotunan biyu a gabanta, ya nuna da yatsa. Ta daɗe tana kallo. Ita ba mai saurin tsorata ba ce, amma ta ajiye cokalin da ke hannunta.

Auta ta dawo suka nuna mata. Da farko dariya ta yi.

"Baba, kai fa ko fanka ce ta yi ƙara sai ka ce za ta faɗo. Ana zuwa duba ginin nan duk shekara."

"Su suna zuwa sau ɗaya a shekara, ni kuwa duk mako nake zuwa," in ji shi. "Ki bar aikin nan, Auta. Ko ki ce ba ki da lafiya. Don Allah."

"In bari in ce me? Kuma sauran mutanen da ke wucewa ta wurin fa, su ba 'ya'yan kowa ba ne?" Ta sake duban hoton, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "In dai ka tabbata, ka je ka nuna wa Manaja. Shi ke da ikon kiran masu dubawa."

Kalmar Manaja kaɗai ta isa ta tsorata shi. Washegari sau biyu yana hawa matakalar ofis yana saukowa. A na uku mai gadi ya ce masa, "Baba, in motsa jiki kake yi akwai fili a waje," sai kunya ta tura shi ciki.

Teburin Manaja ya fi duk wanda ya taɓa gani girma. Mutumin bai ce ya zauna ba. Kar-ka-motsa ya miƙa hotunan da hannu biyu, ya fara bayani, maganar na fitowa a tsinke. Manaja ya dube su kamar yadda ake duban takardar da aka tsinta a ƙasa, ya tura su gefe.

"Kai injiniya ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, hoto nake ɗauka."

"To wa ya ba ka izinin ɗaukar hoto a cikin tashata?"

Shekara huɗu babu wanda ya taɓa tambayarsa.

"Ka san mutum nawa ke shiga ginin nan kullum? In maganar nan ta fita, aka yi turereniya wani ya karye, kai za a kama. Ka san hukuncin mai yaɗa jita-jita?" Manaja ya jingina da kujera ya ƙura masa ido. "Wai ba 'yarka ce ke sanarwa a ƙasa ba? Yarinya mai ƙoƙari. Zai zama abin tausayi a ce uba ne ya ɓata mata aiki."

Ya fito bai san yadda ya sauka matakalar ba. Mai gadi ya raka shi har ƙofa, ya faɗa masa cikin ladabi cewa an ce kada a sake barinsa ya shigo.

Kwana tara da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwarsa. Yana zaune a shago, amma kunnensa na tasha. Ya san lokacin kowace sanarwa. In ta wuce da minti ɗaya ba a ji muryar Auta ba, sai ka gan shi a bakin titi, hannu a ƙirji, yana leƙen rufin. Duk jirgin da ya shigo gilashin tagarsa kan yi ɗan rawa. Da can bai taɓa lura ba, yanzu kuwa kowace girgiza a cikin haƙoransa yake jin ta. Hannunsa ya daina tsayawa. Ya ɓata hoton wani malamin makaranta sau huɗu, har mutumin ya ce, "Ni fa ban motsa ba, kai ne kake motsi." Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ya so ya faɗa wa mai gyaran agogo, maƙwabcinsa na shekara ashirin, amma da ya buɗe baki sai ya tuna da fuskar Manaja, ya koma maganar zafin rana.

A rana ta goma aka tashi da ruwan sama. Matarsa ta zo shagon da kanta, abin da ba ta saba ba, ta girgiza lemarta ta ce, "Ina katin matar nan mai tabarau?"

"In Manaja ya ji na kai maganar waje..."

"In ya ji ya ji. Aiki ne zai ƙwace, ai ba rai ba. Tashi, Malam. In ba za ka iya magana ba ni zan yi, kai dai ka riƙo hotunan."

Mota biyu suka hau kafin su kai kwalejin. Sun sami Injiniya a wani ɗan ofis cike da takardu, teburinta ƙarami ne, wannan ya ɗan sassauta masa. Ta gane shi nan take. Ya jera mata hotuna goma sha biyu bisa tsari, kowanne da kwanan wata a bayansa. Ta karɓi rula ta auna. Ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta sake aunawa. Ta tambaye shi inda yake tsayawa, da tsawon sandar, da ko ya taɓa canza kyamara. Ya ce bai taɓa ba. Sai ta sake bin hotunan da kallo, ana jin ruwa na dukan taga.

Duk hanya addu'arsa ɗaya ce, ta yi masa dariya ta ce tsufa ne ya kama masa ido. Da ya ga yadda leɓenta ya bushe, ya gane tsoron da ya sha a kwana taran nan somin-taɓi ne.

"Ranki ya daɗe," ya ce a hankali, "ki ce min kuskure na yi."

"Da ma zan iya," in ji ta. "Ni na lissafa rufin nan. Bai kamata ya sauka ko da kaurin farce ba. In hotunanka gaskiya suka faɗa, ƙasa ce ke zamewa a ƙarƙashin ginshiƙin." Ta dubi tagar. "Kuma ga ruwa."

Ta ɗauki waya ta fara kira. Suna zaune ta kira mutum biyar, ta ɗaga wa biyu murya.

Washegari da safe ruwan bai tsaya ba. Injiniya ta iso tasha da abokan aikinta biyu da na'urar awo. Shi kuwa tunda an hana shi shiga, ya tsaya a bakin ƙofa ta biyu, ruwa na zuba a kafaɗarsa, yana hango komai ta gilashi. Zauren cike yake, don mutane sun fake wa ruwa. Ya ga Injiniya ta durƙusa a gindin ginshiƙi na uku tana ƙwanƙwasa tayil da ƙaramar guduma. Ya ga ta shafa saman ɗakin gilashin Auta ta duba tafin hannunta, ya yi fari da garin siminti. Ya ga Manaja ya sauko yana wurgi da hannu, ita kuma ta miƙa masa waya, da alama wani na sama da shi ne a kan layi. Manaja ya kara a kunne, hannun da yake wurgi da shi ya sauka.

Sai aka ji wata ƙara daga sama, kamar an karya busasshen icce. Ba mai ƙarfi ba ce, amma zauren ya yi tsit. Wani siririn gari ya zubo ta cikin iska.

Muryar Auta ta fito ta lasifika, a natse, kamar jirgi take sanarwa. "Jama'a, a yi haƙuri. Za a rufe zaure don gyara. Kowa ya ɗauki kayansa ya fita ta ƙofar da ta fi kusa da shi. Ba gudu. A riƙe hannun yara. A taimaka wa tsofaffi."

Mutane suka fara kwarara waje. Suna bangazarsa ta hagu da dama, shi idonsa na kan ɗakin gilashin. Ba ta tashi ba. Tana maimaita maganar, sau uku, sau huɗu, tana kiran wasu fasinjoji masu jar riga su bi ta ƙofar gefe, tana ce wa wata mai goyo ta bar buhun za a kawo mata. Kuma kankare mai nauyin da Allah kaɗai ya sani na saman kanta.

Bai san lokacin da ya shiga ba. Mai gadi ya yi masa magana, bai ji ba. Ya kutsa ta cikin masu fita, ya ci rabin zauren, sannan ya yi kuskuren ɗaga kai. Tsagar da ya sani a takarda kamar gashi, ga ta nan a fili, yatsa zai shige ta, ta zagaye wuyan ginshiƙin ta hau rufi. Nan ya ƙame. Ya kasa gaba, ya kasa baya. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar zauren da ya kusa zama wayam, gari na sauka a hularsa.

Auta ta hango shi. Ta ƙarasa sanarwar, ta ajiye abin magana, ta fito da sauri ba tare da gudu ba, ta kama hannunsa.

"Baba, me ya shigo da kai?"

"Na zo... na zo in fitar da ke."

"To na gode. Taho mu je. Kar ka dubi sama, dube ni. Ɗaga ƙafa. Yawwa. Ɗaya kuma."

Haka ta ja shi kamar yaro mai koyon tafiya har waje. Da iskar ruwa ta buge shi, sai ya zauna daɓas a kan matakala ya fashe da kuka, a gaban ɗaruruwan mutane, yana riƙe da gefen rigarta.

Rufin bai faɗi ba. Bai faɗi ranar ba, bai faɗi washegari ba. Aka zagaye ginin da shinge, aka mayar da fasinjoji wata rumfar kwano a gefe. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito, Fiffike na tsaye da kyansa kamar ba a yi komai ba. Labari ya bazu cewa mai hoton layin baya ne ya jawo. Masu sayar da kaya a zauren, waɗanda aka kora ba shiri, suka riƙa wucewa ta gaban shagonsa suna yada magana. Wani ya leƙo ya ce, "Kar-ka-motsa, yau ƙarfe nawa zai faɗi? Mu kawo kujeru." Aka ce Manaja ya rantse sai ya kai shi ƙara. Wani sabon tsoro ya kama shi, wanda ya fi na farko muni, don ya tsinci kansa yana leƙen rufin yana fata ya ga wani abu ya faɗo. Da ya gane abin da zuciyarsa ke so, kunya ta rufe shi, ya kasa faɗa wa ko matarsa.

A rana ta shida, da tsakar rana, yana ɗaukar wata mata da jaririnta, ƙasa ta girgiza. Firam biyu suka faɗo daga bango. Ƙarar ta zo daga baya, mai nauyi, kamar an kifar da babbar mota. Jaririn ya tsala ihu. Da suka fito, farar ƙura ta turnuƙe bakin layin.

Wani yanki ne na rufin ya ɓalle daga kan ginshiƙi na uku. Ma'aikatan da ke kafa tokare na ƙarfe sun fita cin abinci bai fi minti goma ba, don haka babu wanda ko ƙwarzane ya samu. Bayan kwana biyu Injiniya ta zo da kanta ta kai shi bakin shinge, ta nuna masa ta ƙofa. Inda ɗakin gilashin yake, babu komai sai tulin kankare da rodi a lanƙwashe. Ƙafar kujerar Auta ɗaya ta leƙo daga ƙasa. Ya dube ta sau ɗaya ya juya baya, ya dafa shinge. Injiniya ta faɗa masa da aka haƙa an tarar wani bututun ruwa ne ya fashe a ƙarƙashin ƙasa tun shekara biyu, yana ta wanke ƙasar gindin ginshiƙin ba wanda ya sani.

Maganar ƙara ta mutu a nan. An sauya wa Manaja wurin aiki, bai kuma taɓa zuwa ya ce komai ba. Mutumin da ya yi maganar kujeru ya zo ya tsaya a ƙofar shago yana sosa ƙeya, ya ce a ɗauke shi hoto ko da yake ba ya buƙata. Wasu 'yan jarida suka zo neman mai hoton, ya ɓuya a bayan farin ƙyallensa, matarsa ta ce musu ya yi tafiya.

In ana zaton abin ya cire masa tsoro, to ƙara masa ya yi. Duk ɗakin da ya shiga yanzu sai ya fara duban sama kafin ya gaisa da mutane. Ya sa aka sauke silin ɗin ɗakinsu aka duba, ba a sami komai ba sai gidan ɓera. Maƙwabta suka fara kiransa ya zo ya ga tsagar da ke bangonsu. Yakan je, ya duba, hankalinsa ya tashi fiye da na mai gidan, ya ce shi ba injiniya ba ne, a nemi masu ilmin abin.

Shekara ɗaya da wata biyu aka yi ana gyara. Da aka sake buɗe tashar, an ƙara ginshiƙai shida masu kauri kamar gangar mai, an toshe rabin tsagogin haske da ƙarfe. Ofishin sanarwa kuwa aka mayar da shi wani gini daban mai hawa ɗaya, can gefe, kuma nan Auta ta ci gaba da aikinta. Ita ta matsa masa ya zo ya gani. Ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Zauren ya yi duhu-duhu, an kunna fitilu da rana tsaka, mutane na wucewa babu mai ɗaga kai.

"Ya ka gani, Baba?" in ji Auta.

"Ya yi muni," ya ce. Sannan ya ƙirga sababbin ginshiƙan da yatsa, ɗaya bayan ɗaya har shida, ya sauke ajiyar zuciya. "Amma da sun tambaye ni, da na ce su ƙara biyu."